Kurakuran da na gaji da gani wajen neman lambar EIN ta Amurka

A satin nan kaɗai mutum uku suka turo min saƙo kan magana ɗaya, ɗayan ma murya ya turo ƙarfe ɗayan dare yana cewa "Yaya don Allah ka duba min, na biya an buɗe min kamfani a Amurka amma banki sun ce takardar lambata ba ta yi ba." To na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa nan. Ni ba lauya ba ne ba kuma akanta ba, jakunkunan fata da takalman da dukawan Kano ke ɗinka min nake sayar wa mutanen waje ta intanet, abin da zan faɗa wuya ce ta koya min shi.

Ita EIN ɗin nan lambar haraji ce ta kamfani, lambobi tara, biyu a gaba sai ɗan layi sai bakwai, hukumar harajin Amurka wato IRS ke bayarwa. Ba ita ba asusun banki na kamfani a can, ba Stripe da ake karɓar kuɗin masu saye da shi ta intanet, komai ya tsaya. Kuma kyauta ce. Ku sake karantawa, kyauta ce, ko sisi IRS ba sa karɓa, fom ne guda ɗaya mai suna SS-4 kuma abin cikewar shafi ɗaya ne tak. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ladan cike fom ya karɓa ba kuɗin lamba ba, in ka ga dama ka biya shi ba laifi, amma ka san me kake saya.

Kuskuren da ya fi cin raina, don ni ma ya ci ni, shi ne barin wani ya sa sunansa a matsayin mai alhakin kamfanin. A fom ɗin akwai layi na 7a inda ake rubuta sunan mutumin da kamfanin yake hannunsa da gaske, sai 7b inda ake sa lambarsa ta SSN, wato lambar shaidar da gwamnatin Amurka ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki a can, ko ITIN, lambar harajin mutumin da ba zai iya samun SSN ba. Shi wanda ke da irin wannan lambar kuma kasuwancinsa na cikin Amurka, zai shiga shafin IRS ya cike ya samu EIN nan take. Mu da ba mu da ita wannan ƙofar a rufe take, sai faks ko wasiƙa ko waya. To gaggawa ce ke kai mu ta baro. Ni wani ejan na samu a gurup ɗin WhatsApp, ya ce kwana biyu zai kawo min lamba, na tura masa kuɗi, wallahi kwana biyun bai cika ba ya turo min lambar a rubuce da ɗan hoton da ya ɗauka a fuskar kwamfuta, ni kuwa har da yi masa addu'a ina cewa wannan yaron ya san aiki. Ashe SSN ɗin wani mutum da ke zaune a can ya ara ya shiga ta intanet, ya sa sunan mutumin a 7a, ya sa adireshin da ban taɓa ji ba. Kamfani nawa, kuɗin rajista nawa, amma a littafin IRS wani ne mai gida.

Ban gane ba sai da aka nemi in kawo CP 575, wasiƙar da IRS ke bayarwa sau ɗaya rak lokacin da suka ba da lamba. Ba ni da ita. Na kira ejan, layi a kashe, ya fita daga gurup ɗin ma. Aka ce min ai in ta ɓata ana neman madadinta, wasiƙar 147C, ta waya. Na sa kati na kira, na yi zaman jira, wata mata ta ɗauka ta tambayi sunana da matsayina a kamfanin da adireshin da ke fayil, na fara in-ina. Cikin ladabi ta ce ba za ta iya ba ni bayanin komai ba tunda ba ta ga sunana ba, kuma gaskiyarta ne, da wani ne ya kira kan kamfanina haka zan so ta yi masa. Sai da na cike wani fom ɗin daban, 8822-B, na canza mai alhaki da adireshi, na aika ta gidan waya, na zauna jiran watanni, kayan da na sa aka ɗinka don kasuwar ƙarshen shekara suna jibge a ɗaki ƙura na hawa, baduku kuma kullum sai ya aiko yaronsa karɓar cikon kuɗi.

Shi ya sa in na ji yaro na cewa "ai ɗan kawuna yana Houston, zai ba ni SSN ɗinsa" nake jin kamar in ƙwace wayar. Haba malam! Kana sa hannu ne a ƙarƙashin rantsuwar cewa abin da ke fom gaskiya ne, kuma ka ɗora wa ɗan kawun naka kayan da ba nasa ba, ranar da wasiƙar tara ta zo gidansa za ta je, daga nan zumunci ya fara tsami.

Yadda nake yi yanzu, kuma haka nake sa ƙannena su yi: ka fara rajistar kamfanin a jihar da ka zaɓa, ka karɓi takardar, sannan ka nemi EIN, ba a sa wa jaririn da ba a haifa ba suna. Ka ajiye takardar rajistar a gabanka ka kwafi sunan kamfanin harafi-harafi a layi na 1, har da LLC ɗin ƙarshe, wato haruffan da ke nuna nau'in kamfanin kamar Ltd a nan gida. A 7a sunanka yadda yake a fasfo, in Mohammed ne a fasfo kar ka rubuta Muhammad don ka fi son sa. A 7b ka rubuta kalmar Foreign kawai, umarnin fom ɗin da kansa ya yarda da haka ga wanda ba shi da SSN ko ITIN. Nan ne wasu ke ɓata wata da watanni suna neman ITIN da fom ɗin W-7 wai sai da ita ake samun EIN, ba gaskiya ba ne, ITIN lambar mutum ce, EIN ta kamfani ce, kowa da hanyarsa. Ka buga fom ɗin a takarda, ka sa hannu da biro, ka tura ta faks. Eh faks, har yanzu suna amfani da shi, akwai masu hidimar faks ta intanet da za su ba ka lamba ta wata guda, ka rubuta lambar a fom don ta nan amsa za ta dawo, kuma kar ka bari ta mutu kafin amsar ta iso. A rubuce sun ce faks kwana huɗu na aiki ne, wasiƙa kuma kusan sati huɗu, ni dai nakan ce wa mutum ya shirya wa jiran makonni. Akwai layin waya na 'yan ƙasar waje da ke buɗewa ƙarfe 6 na safe agogon gabashin Amurka, wato 11 na safe ko 12 na rana a Kano gwargwadon lokacin shekara, wasu sun fi son sa, ni faks na fi so don ina da shaidar abin da na tura.

Ƙananan kurakuran ba sai na ja ba. Su wata suke fara rubutawa kafin rana, 03/04 a wajensu 4 ga Maris ne. Kar ka tura fom sau uku don shiru ya yi yawa, za ka iya tashi da lamba biyu kan kamfani ɗaya. Sabuwar lamba takan ɗauki kamar sati biyu kafin ta zauna a rumbunsu, in ka sa ta a wani wuri aka ce ba a gan ta ba ka yi haƙuri tukuna. CP 575 in ta zo ka ajiye ta wuri uku. Sannan EIN ba biza ba ce, ba izinin aiki ba ce, wanda ya ce maka za ta kai ka Amurka ya ga wawa ne.

Babban kuskure na biyu da ya kusa kwantar da ni asibiti shi ne zaton da an samu lamba shikenan an gama. Masu bidiyon "buɗe kamfani a Amurka ba haraji" ba sa kai wa nan. Tun daga harajin shekarar 2017, duk LLC mai mutum ɗaya wanda mai shi ɗan ƙasar waje ne, in dai kuɗi ya gilma tsakaninsa da kamfanin, sai ya aika fom 5472 haɗe da fom 1120 da ake cike samansa kawai, wa'adi 15 ga Afrilu. Gilmawar kuɗi kuwa har da dalar da ka zuba ka yi rajista, da wadda ka cire ka sa a aljihu. Ko ba ka sayar da takalmi ko ƙafa ɗaya ba. Tarar rashin aikawa dala 25,000 ce, da 10,000 ce aka ƙara ta, kuma in suka aiko maka da sanarwa ka yi biris har kwana 90, wata 25,000 ɗin ke hawa duk kwana 30. Ku ɗauki kalkuleta ku buga da canjin yau a Wapa, sannan ku dawo mu ci gaba.

Ni shekara ta farko ban ma san da fom ɗin ba. Wani abokina da ke irin harkar ne muna shan shayi ya ce "kai ka tura naka 5472 ɗin kuwa?" na ce mene ne haka, ya ajiye kofi ya kalle ni. A Yuli ne wannan. Daren nan ban runtsa ba, ina ta lissafin ko shagon da motar in an haɗa za su kai. Sai da na ɗauki akanta a can ya cike min ya haɗa da wasiƙar uzuri, kuɗin aikinsa kaɗai ya cinye ribar wata biyu, na kuma yi watanni duk imel ɗin da ya shigo daga wakilina da ke karɓar min wasiƙu a can sai gabana ya faɗi. Abin haushin, fom ɗin ba wuya gare shi ba, kuma da na nemi ƙarin lokaci da fom 7004 kafin wa'adi da wata shida za su ƙara min. Yanzu a Fabrairu nake tura nawa, ba na jiran Afrilu, ta faks zuwa ofishinsu na Ogden a jihar Utah tunda irin namu ba a tura shi ta intanet, in buga shaidar turawa in sa a fayil. Akantan ya ce na cika zumuɗi, na ce ya bar ni da zumuɗina.

Kuma jiha ma tana da nata daban da na IRS, Delaware harajin shekara duk 1 ga Yuni, dala 300 ne a 2025, Wyoming rahoton shekara daga dala 60, ga kuɗin wakilin da ke karɓar maka wasiƙu. Ku yaran nan da kuke buɗe kamfani don kawai a gani a shafinku an rubuta LLC, ba kaya ba kwastoma, me kuke nema ne wai? In masu sayenka a Abuja da Legas suke, rajistar CAC da lambar harajin gida da Paystack, irin Stripe ɗin nan na gida, sun ishe ka. In kuma ka riga ka buɗe ka watsar, kar ka ɗauka ya mutu da kansa, ka rufe shi a jihar, ka aika 5472 na ƙarshe, ka rubuta wa IRS wasiƙa su rufe asusun. Ita lambar ba a soke ta ba a kuma ba wa wani, tana nan maƙale da sunan kamfanin.