Yadda Ake Sauya Lambar Shaidar Samfuri

'Yan'uwa masu tattara bayanan tsuntsaye da itatuwa a Dajin Dinder da ke Sudan sun yi ta tambayata wannan. Ga matakan:

1. Kwafe rumbun bayanan gaba ɗaya a filas na kwamfuta (flash drive).
2. Buɗe jadawali mai gida biyu a Excel: tsohuwar lamba da sabuwa.
3. Cike shi layi-layi.

Hattara, nan ake kwaɓa: lambar da ka cire daga samfurin kuka, kar ka liƙa wa samfurin aduwa, ko da an goge na farkon.

4. Duba kada wata lamba ta maimaitu.
5. Aika wa GBIF, cibiyar tattara bayanan halittu ta duniya a intanet, jadawalin kafin ka wallafa bayanan a can. In ka tsallake wannan, tsofaffin bayanai za su shigo kamar sababbi, adireshinsu na intanet na dā ya mutu.
6. Wallafa.
7. Rubuta sabuwar lambar a takardar samfurin, kusa da tsohuwar. Kar ka kankare tsohuwar.