Yadda ake ba yara labarin 'yan mishan a makarantar Lahadi

Yaron Legas ba ya daɗewa a kan benci. Ga zafi, ga ƙarar janareto, ga gangar babbar sujada tana shigowa ta taga. Malamin da ya riƙe hankalin 'yan shekara shida zuwa goma na minti goma sha biyu ya yi ƙoƙari. Don haka tafiya ɗaya za a ɗauka, da mutanen da suka yi ta. Wanda ya fara da jero ƙungiyoyin mishan irin su SIM, SUM da CMS, kafin ya kai ta uku aji ya watse.

A lura da buɗewa. Kada a ce "ga ta nan, ga ta nanku", domin da jin haka yaro zai ajiye labarin kusa da na Gizo da Ƙoƙi. A fara da wuri da shekara: "A watan Disamba na 1893, samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a nan Ikko." Su ne Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, 'yan mishan da suka faro aikin SIM. Abin da ya kamata a ara daga tatsuniya shi ne amshi. Malami ya ce, "Yara, hanya da nisa?" Su amsa, "Da nisa, amma a tafi!" Sau huɗu ko biyar ya isa, in ya wuce haka sai ya koma ihu.

Taswirar bango ba ta cika aiki ba, na baya ba sa gani. A shimfiɗa igiya mai kamar mita biyar a ƙasa, a rubuta Legas da alli a bakin ƙofa, Bida a tsakiya, Girku ta wajen Zariya a can ƙarshe. A fito da yara uku. Bingham ya zauna a bakin ƙofa, zazzaɓi ya tsayar da shi a Legas. Sauran biyun su taka igiya a hankali. A 1894 rashin lafiya ta ɗauke Gowans a Girku, ta ɗauke Kent a Bida. A faɗi mutuwar da jimla ɗaya, ba ɓoyewa, ba kuma kwatanta gawa. Nan ne wurin yankewa: "Saura mutum ɗaya, shi ma yana kwance. Me zai yi?" A rufe baki sai mako mai zuwa, ko sun yi magiya. Ranar sai su ji cewa a yunƙuri na uku ne aka kafa tasha a Patigi a 1902, kuma daga wannan aikin ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Abu ɗaya ake zuwa da shi a jaka, fitilar ƙwai ko tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932. Kaya uku rigima uku ce.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne labarin ya zama na Turawa zalla, har yaro ya ɗauka aikin bishara ba na irinsa ba ne. A sa Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, a jerin makonni. An kama shi bawa yana yaro a 1821, ya zama bishop a 1864, a Legas ya rasu a 1891. In ikilisiya na da halin hayar bas, benen mishan na 1845 yana nan a Badagry.

Wajen wasan kwaikwayo, kada a liƙa wa mugun da ke cikin labarin sunan wata ƙabila ko addini. Yaran nan gidan haya ɗaya suke da maƙwabta a Agege ko Idi-Araba, kuma abin da suka ji a aji a bakin famfo za su maimaita shi. A riƙa kuma juya rawar, kada yaro ɗaya ya zama mai kama bayi kowane mako har sunan ya bi shi.

Da yawansu Hausarsu ta gauraye da broka da Yarbanci, don haka a warware musu kalmomi uku tun farko: bishara, fassara, tasha. A minti ukun ƙarshe a kira yarinyar da ta fi kowa shiru, a ce, "'Yata, taka igiyar nan ki maimaita mana." Inda ta tsaya tana kame-kame, nan za a faro mako mai zuwa.