Koci, kada ka bar ɗan wasanka ya tashi da sifili

'Yan'uwa masu horar da ɗaliban jami'a a dikatalon, gasar nan mai wasanni 10 cikin kwana 2, ga wata 'yar shawara kan tsalle da sanda: ku sa yaro ya fara daga tsayin da zai iya haurawa ko da barci yake ji.

Wannan tsallen shi ne wasa na 8. Kafin a kai gare shi, yaron ya yi tseren mita 400 jiya da yamma, yau da safe ya tsallake shingaye ya jefa faifai, cinyoyi sun yi nauyi. Tsayin da yake haurawa a filin atisaye ba shi ne ma'auni ba. A 1992, wajen zaɓen tawagar Amurka, Dan O'Brien, zakaran duniya a lokacin, ya ƙyale ƙananan matakai ya fara daga mita 4.80. Sau uku sandar giciye tana faɗowa. Bai samu maki ko ɗaya a tsallen ba, Olamfik ɗin Basalona ta wuce shi, sai a 1996 ya ci zinare.

Yaran za su yi ƙorafi, wai farawa daga ƙasa abin kunya ne gaban abokai. Ni dai ba na sauraronsu. Ya haura sau ɗaya, maki ya shiga takarda, sannan a yi maganar bajinta.

Haka ma dogon tsalle, dama 3 kacal ake bayarwa. A ta farko nakan ja alamar fara gudunsa baya da tsawon takalmi ɗaya, don kada yatsa ya zarce katakon da ake takawa a tashi, a soke tsallen.