Kurakuran da sababbin masu kiwon karen Samoyed suke ta maimaitawa

Na daɗe ina kiwon karen Samoyed a gida, kuma na gaji da ganin sababbin shiga suna faɗawa cikin ramukan da ni ma na taɓa faɗawa, alhali da an yi musu bayani tun farko da sun tsallake. Yawancinsu hoto ne ya ruɗe su. Sun ga kare fari fat mai gashi kamar auduga, gefen bakinsa a ɗage kamar mai murmushi, sai suka ce lallai wannan ne ya dace da gida mai yara. Ba su tsaya sun tambayi daga ina ya fito da kuma aikin da aka raine shi a kai ba. Asalinsa arewa maso yammacin Saberiya ne, wurin mutanen Nenets da danginsu, waɗanda suke amfani da shi wajen kiwon barewar ƙasashen sanyi da jan kaya a kan ƙanƙara, kuma da dare yakan kwana cikin tanti tare da su. A shekarar 1889 ne wani Bature mai suna Ernest Kilburn-Scott ya kai ɗaya Ingila, daga nan irin ya bazu a gidajen mutane, amma jikinsa da halinsa suna nan yadda sanyi da aiki da zama cikin jama'a suka gina su. Kusan duk kuskuren da zan ambata daga mantawa da wannan asalin yake tasowa.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne aski. Karyata tana da shekara biyu a lokacin, zafi ya matsa, kullum ina ganinta kwance tana haki harshe a waje, sai tausayi ya kama ni na ce ai wannan bargon da take ɗauke da shi ne yake dafa ta. Na kai ta wurin wani mai gyaran gashin karnuka na ce ya sa inji ya kwashe shi duka. Bai ce mini uffan ba, ya karɓi kuɗinsa ya yi abin da na ce, kuma har yau ina jin haushinsa, domin shi ya kamata ya fi ni sani. Cikin mako guda fatar bayanta, wadda ba ta taɓa ganin rana ba, ta yi ja tana saɓa, ga kuma hakin da na yi askin dominsa bai ragu ba ko kaɗan. Da gashin ya fara dawowa sai ya zo a hargitse: gashin ƙasa mai laushi ya riga ya fito ya yi cunkus, yana kama ƙaya da datti yana dunƙulewa, dogon na sama kuwa ya ƙi fitowa a wurare da dama. Akwai wani fili a gefen ƙugunta da ya wuce shekara guda bai rufe ba, kuma har ta tsufa gashin wurin bai koma yadda yake ba.

Likitan dabbobi ne ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya kamata in nema kafin in yi ɓarna. Gashin Samoyed hawa biyu ne. Na sama dogo ne mai ɗan ƙarfi, shi ne yake tare rana da ruwa da ƙura, na ƙasa kuma gajere ne mai laushi da yawa, shi ne yake riƙe ɗumi lokacin sanyi, sannan ya zube idan zafi ya kusa domin iska ta samu hanyar kaiwa ga fata. Kare ba ya zufa a duk jikinsa kamar mutum, ta haki yake fitar da yawancin zafinsa, sai ɗan abin da ba a rasa ba ta tafin ƙafa. Saboda haka wanda ya aske shi bai cire masa riga ba, inuwar da yake yawo da ita ya raba shi da ita. Abin da yake ƙara masa zafi da gaske shi ne mataccen gashin ƙasa da ya saki amma bai faɗo ba, ya maƙale ya toshe iska, kuma mataji ne maganinsa.

Ni dai ga yadda nake yi, ko da wasu suna da tasu hanyar. Ina taje kare sau uku a mako, idan kuma ya shiga lokacin zubar gashi, wanda yakan zo sau biyu a shekara, sai in koma kullum. Nakan kwantar da shi a gefe ɗaya, in ɗaga gashin da hannun hagu har in ga fata, in taje layin da ke ƙasa da hannuna daga tushe zuwa baki, sannan in matsa sama kaɗan in sake. Shafa burushi a saman gashi kawai yaudarar kai ce, domin kare zai yi kyau a ido alhali a ƙasa ya dunƙule kamar tabarma. Wuraren da nake fi kula da su su ne bayan kunnuwa da hammata da bayan cinyoyi da gindin wutsiya. Ba na cewa na gama sai mataji na ƙarfe ya ratsa har fata ba tare da ya tsaya ba. Abin da ake kwasowa a irin wannan lokaci yakan cika jaka, har akwai masu kaɗa shi su yi zare su saƙa hula.

Game da zafin kansa, ba na fita da kare sai da asuba ko bayan faɗuwar rana, kuma kafin mu taka kwalta nakan ɗora bayan hannuna a kai na ɗan lokaci, idan ban iya jurewa ba to tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyos, idan ya haura 41 kuwa rayuwarsa tana cikin haɗari. Wanda ya ga hakin ya tsananta, yawu yana zuba, kare yana tangaɗi ko amai, ya jiƙa shi da ruwan sanyi har ya kai fata, musamman ciki da cinyoyi, ya sa masa fanka, ya garzaya da shi wurin likita. Kada a bar shi cikin mota a rufe ko da na minti kaɗan ne. Ra'ayina kuma, wanda ba kowa ne zai so ji ba, shi ne duk wanda yake zaune inda zafi ba ya sauka, kuma ba shi da ɗaki mai sanyi da zai ajiye kare a ciki, ya haƙura da wannan iri.

Kuskure na biyu da yake ɓata mini rai shi ne mayar da Samoyed mai gadi. Mutum ya ga kare mai girman jiki, sai ya ɗaure shi a bayan gida ya ce ya tsare masa dukiya. Haba jama'a! Wannan karen zai yi wa baƙo haushi, gaskiya ne, amma da zarar baƙon ya matso sai ya kama kaɗa masa wutsiya yana neman a shafa shi. Dabbar da kakanninta suka yi ɗaruruwan shekaru suna kwana jiki da jiki da mutane ita ce za ku ɗaure ita kaɗai daga safe har dare, sannan ku zo kuna ƙorafin ta cika kuka da ɓarna? Ba ina faɗin haka don na fi kowa ba ne. Akwai lokacin da aiki ya riƙa tsare ni sa'o'i tara a waje, na riƙa barin karyata ita kaɗai. Wata rana na dawo na tarar ta cinye ƙafar kujera rabi, ta yage labule, ta tona rami a gindin katanga wanda zai ɗauki bokiti, ga maƙwabci a ƙofa yana cewa tun hantsi take kuka. Na yi mata tsawa har ta maƙure a lungu, washegari ta maimaita, domin kare ba ya haɗa hukuncin yamma da laifin safe.

Abin da ya gyara ta shi ne gajiya da sabo. Na tsayar mata da tafiya ko gudu na aƙalla sa'a guda kullum, rabi kafin in fita, na kuma nemi wanda zai leƙo ta da tsakar rana. Sannan na koya mata zaman kaɗaici da kaɗan kaɗan: in fita minti biyar in dawo ba tare da hayaniya ba, gobe in ƙara zuwa goma, har ta gane cewa fitata ba tafiya ce ta har abada ba. Tonon rami kuwa na daina yaƙi da shi, tunda a jininsu yake, a cikin ƙanƙara ma haka suke tona wurin kwanciya. Na ware mata kusurwa ɗaya mai yashi, ina binne mata abin wasa a ciki. Wajen horo, Samoyed yana da kaifin ƙwaƙwalwa amma yana saurin gundura, shi ya sa ba na wuce minti goma a zama ɗaya, kuma da ɗan abin taunawa nake saka masa idan ya yi daidai. Duk da haka ba na kwance masa igiya a fili marar shinge, domin idan ya hango mage ko zomo kiranka ba zai shiga kunnensa ba.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna da illa. Kada a yi masa wanka ba a taje shi ba, saboda ruwa yana ƙara ɗaure gashin da ya dunƙule, kuma bayan wanka a busar da shi da na'urar busar da gashi har fata, in ba haka ba damshin da ya rage a ƙasa zai haifar da gyambo. Gashi yana ɓoye ƙiba, don haka da hannu ake laluba haƙarƙari, ba da ido ake aunawa ba. Namiji yakan kai kilo 20 zuwa 30, mace kuma 16 zuwa 20. Cakulan da inabi da zabibi da albasa guba ne ga kowane kare. Maganar da ake yaɗawa cewa Samoyed ba ya tayar wa masu atishawa da ƙaiƙayi ciwonsu kada a dogara da ita, tunda abin da yake tayar da ciwon yana cikin yawu da ɓawon fata, gara mai matsalar ya zauna da karen na wasu sa'o'i kafin a saya. Yana son yara sosai, sai dai yakan bangaje ƙanana cikin wasa, don haka a riƙa sa ido.

Akwai kuma kuskuren da ake yi tun kafin kare ya shigo gida, wato sayen ɗan kwikwiyo ba tare da an binciki lafiyar iyayensa ba. Wannan iri yana da ciwon ƙoda na gado wanda yake bi ta uwa: mace takan ɗauke shi ba tare da ya kayar da ita da wuri ba, amma ɗanta namiji da ya gada yakan fara nuna alama cikin watanninsa na farko, kuma ƙodarsa takan gaza yana ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni. Ban da wannan akwai ciwon sukari, da lalacewar ganin ido a hankali, da gocewar kwatangwalo. Idan lafiya ta samu Samoyed yakan rayu shekara 12 zuwa 14, saboda haka nakan nemi ganin uwar da idona, in nemi takardun gwajin ido da na kwatangwalo da na ƙwayoyin gado, kuma ba na karɓar kwikwiyon da bai cika mako takwas ba. Mai sayarwar da ya fara kame-kame da na tambayi takarda, ko ya ce uwar tana wani wuri ba za a iya ganinta ba, nakan yi masa sallama in juya, ko da kwikwiyon ya riga ya fara lasar hannuna.