Yadda ake zaɓar tsarin wasan RPG kafin a fara dogon wasa ta intanet

Abin da ya fi kashe sabon wasan RPG (wasan da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari) tun yana jariri shi ne jagora, wato mai jan ragamar labarin, ya sayi littafin dokokin da ya burge shi, sannan ya shiga neman waɗanda za su dace da littafin. Mutane da na'urorinsu ake fara dubawa, littafi ya biyo baya.

Da farko, tambayi 'yan wasanka abin da suke so su riƙa yi a mafi yawan zama: faɗa ne, bincike ne, ko hira da ƙulla makirci? Kowa ya turo maka amsarsa shi kaɗai, domin a cikin taro mutane kan bi bakin wanda ya fara magana. Idan faɗa mai lissafi suke so, Dungeons & Dragons (D&D) ko Pathfinder bugu na 2, wanda ya fito a 2019, su ne gidansa. Dukansu ana jefa ɗan lido mai fuska 20 ne a ƙara masa lamba. A Pathfinder kowane jarumi yana da motsi 3 a duk lokacin da layi ya zo kansa, kuma matsayinsa a kan taswira yana da tasiri ƙwarai. Idan bincike da tsoro ne, Call of Cthulhu na kamfanin Chaosium, wanda ke nan tun 1981, ya fi dacewa: ƙwarewa a cikin ɗari ake rubuta ta, mai 60 a binciken ɗaki yana buƙatar ya jefa 60 ko ƙasa da haka. Jarumansa ba su da ƙarko, su mutu ko su zautu, don haka a gaya wa mutane tun wuri.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa. Gano wanda ya fi kowa raunin intanet da ƙaramar na'ura a cikinku, domin shi ne ma'aunin. Foundry VTT, ɗaya daga cikin manhajojin da ke zama teburin wasa a intanet, ana biyan dala 50 sau ɗaya, jagora kaɗai ke saya, kuma yana yi wa Pathfinder lissafi kusan duka. Sai dai ba don waya aka gina shi ba, kuma in a kwamfutar jagora yake zaune, da zarar wuta ta ɗauke masa kowa ya fita. Roll20 a burauza yake aiki kuma yana da matakin kyauta, amma taswira mai nauyi takan ja ƙafa a layi mai rauni. Owlbear Rodeo taswira ce da alamomi kusan kawai, yana buɗewa a waya. Idan mutum biyu cikin biyar da waya za su shiga, ka manta da tsarin da ke ƙirga gidajen taswira. Ka koma ga wanda murya a manhajar hira ta Discord da manhajar jefa lido suka wadatar.

Nan ne wasannin da suka gaji Apocalypse World na 2010 suke da amfani. Ɗan wasa ya jefa lido biyu masu fuska 6 ya ƙara lambarsa: 10 zuwa sama nasara ce, 7 zuwa 9 nasara mai haɗe da matsala, 6 zuwa ƙasa kuwa jagora ya ɗora masa abin da ya ga dama. Jagora ba ya jefa komai. Blades in the Dark na John Harper, inda 'yan wasa ke zama ƙungiyar ɓarayi, shi ma haka yake da sauƙin ɗauka ta murya, ana jefa lido da yawa a duba mafi girma. Amma kada a ɗauka ƙarancin lissafi hutu ne ga jagora. Duk jifan da ya faɗa tsakiya sai ya ƙirƙiro sakamako nan take, kuma wanda bai saba ba yakan ƙare da dabaru kafin a yi rabin zama.

Sai lissafin lokaci. Ta intanet mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda, babu hirar gefe kamar a tebur. A ce 'yan wasa 5 ne, kowa na cin minti 3, jagora na cin 5 da dodanninsa: zagaye ɗaya minti 20 ke nan, faɗa mai zagaye 4 ya haura awa ɗaya, kuma kowa minti 12 kacal ya yi yana wasa. Sauran lokacin yana duba WhatsApp. Idan zamanku awa 2 ne, ko ku tsaya a mutum 3 zuwa 4, ko ku ɗauki tsari mai saurin faɗa.

Duba kuma yadda tsarin ke jure rashin zuwan wani. Blades in the Dark kowane aiki na ƙungiyar ɓarayin yakan ƙare a zama ɗaya ko biyu, wanda bai zo ba sai a ce yana wata sabgar. Dogon binciken kurkukun dodanni na D&D kuwa, in mai warkarwa bai zo ba, lissafin faɗan duka ya karkace.

Kada kowa ya kashe kuɗi tukuna. Dokokin Pathfinder suna nan kyauta a Archives of Nethys, D&D yana da dokokin farko kyauta a D&D Beyond, Chaosium kuma tana ba da ɗan littafin gwaji haɗe da labari guda. Zaɓi tsari biyu, ka yi wa kowanne zama ɗaya na gwaji da jarumai shiryayyu, a ranar da lokacin da za a riƙa haɗuwa, da na'urorin da za a riƙa amfani da su. Ka ajiye takarda a gefe, ka ja layi duk sanda aka tsaya neman doka, ka kuma lura da wanda ya yi shiru fiye da minti 10. Washegari ka sake tambayar kowa shi kaɗai. Tsarin da ya yi nasara, ka yi masa alkawarin zama 6 kawai da labari mai ƙarshe, a zama na shida a yanke ko za a ci gaba.