Yadda Ake Ba Masu Tace Ruwa Gansakuka a Tankin Murjani

A tankin ruwan gishiri da ake kiwon murjani, kumbar teku da ake kira Tridacna tun tana ƙarama, soson teku da tsutsa mai tukku duk tace abincinsu suke yi daga ruwa, don haka girman ƙwayar gansakukar da ake ba su, wato ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya ganin ƙwayarsu ɗaya, shi ne abin dubawa. Ga irinta guda uku: Nannochloropsis ba ta wuce maikiron 2 zuwa 4 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), Isochrysis ta ɗan fi ta kuma tana da wani kitse mai gina jiki da ake kira DHA, Tetraselmis kuwa takan kai 10. Gauraya ukun ya fi amfani da guda.

Girgiza kwalbar gansakukar, ka sansana. In ta yi warin ruɓa, zubar da ita. Kashe na'urar kumfa mai kwashe datti daga ruwa da fitilar UV mai kashe ƙananan halittu na minti 30 zuwa 60, don kada su kawar da gansakukar, amma ka bar fanfon da ke juya ruwa. Fara da mililita 1 ga kowace lita 40, sau uku a mako, ka zuba inda ruwa ke gudu.

Inda ake yawan kuskure shi ne zarce ƙima. Abin da ba a ci ba ruɓewa yake yi, ga ragowar takin da aka noma gansakukar da shi, sai sinadaran fosfet da naitiret su hau a ruwa, kore ya rufe gilashi. Auna su duk mako. In sun tashi, rage rabin abin da kake zubawa. Ajiye kwalbar a firji, kana girgiza ta kullum, don gansakukar da ta kwanta a ƙasa mutuwa take yi.