Yadda nake haɗa wunin tsohon talabijin a gidanmu

Sau ɗaya a shekara, ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan babbar sallah, nakan fito da talabijin zuwa rumfar tsakar gida in mayar da gidanmu zamanin da tasha ɗaya ce tal, abin da ta sako shi za ka kalla. Baba ne dalili. Shi ya ga farkon talabijin a Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, kuma kullum ƙorafinsa shi ne yanzu kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Ga yadda nake yi, ko wani zai gwada.

Ka fara tara kaya tun saura mako biyu. Kada ka dogara da intanet a ranar, domin da zarar hoto ya tsaya yana juyi, yara sun watse ke nan. Ka sauke komai cikin dare, ka zuba a filashi, ka sa wa kowane shiri lamba: 01, 02, 03, yadda za su bi juna ba sai an tsaya lalube ba. In akwai tsofaffin kaset ɗin bidiyo a akwatin wani kawunka, ka duba zaren ta ɗan gilashin nan kafin komai. Wanda ka ga fari-fari a jikinsa ya yi fumfuna, kada ka cusa shi a bidiyo, zai ɓata kan injin. Ni na taɓa yin wannan gangancin da bidiyon aro, sai da na biya kuɗin gyara. Masu kyan ka kai wa masu juya kaset su mayar maka filashi.

Sannan ka shiga saitin talabijin ka mayar da hoton 4:3. Tsofaffin shirye-shirye ba don faffaɗan allo aka ɗauke su ba, in ka bar su a shimfiɗe kowa sai ya koma gajere mai kumatu. Ka haɗa sifika kuma, don sautinsu ƙasa-ƙasa yake. Man janareta na awa takwas, kada ka yi wasa da wannan.

Sai babban aikin, wato jeri. Ina rubuta jadawalin a kwali in manna a bango, in jefa rimot a aljihu. Ba a wucewa gaba, ba a dawowa baya. Ƙarfe goma na safe nake buɗewa da taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1978 zuwa 2024, a miƙe kowa.

Shirin tarihi nake sa wa farko, tun idanu ba su yi nauyi ba. Hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, bikin samun 'yancin kai na 1960, da hawan dabar FESTAC, wato bikin al'adun baƙar fata na duniya, na 1977. Gajeru ne, irin waɗanda a da ake haskawa a majigi, wasu ma baƙi da fari. A nan ka rage sautin Baturen da ke sharhi, ka bar dattawa su yi nasu. Baba yakan gane tawagar sarki tun daga naɗin rawani da kayan doki, kafin a ambaci suna. Rabin awa na hoto yakan ci mana awa ɗaya da rabi, kuma ban taɓa jin an yi asarar lokaci ba.

Bayan azahar da cin abinci, lokacin da barci ke fizgar mutane, sai barkwanci. Samanja Mazan Fama nake sakawa, na marigayi Usman Baba Pategi, wanda da ma tsohon soja ne, shi ya sa Hausar barikin nan mai gauraye da Turanci ta zauna a bakinsa. Kashi biyu ya isa. In ka samu wani abu na marigayi Ƙasimu Yero, ka ƙara ɗaya. Kada ka yi wa yara bayanin abin dariya, su ji da kunnensu.

Ƙwallo bayan la'asar, kuma a nan ba na shawara da kowa: wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik ɗin 1996, Najeriya da Brazil. Ka nemi cikakken wasan, ba guntayen ƙwallaye ba. Daɗinsa yana cikin wahalar da za a sha: an tafi hutun rabin lokaci Brazil na da 3, mu 1, aka daɗe a haka har Ikpeba ya rage, Kanu ya farke ana dab da tashi, sannan ya zura ta huɗu a ƙarin lokaci, wadda a dokar wancan zamanin da ta shiga wasa ya ƙare. Ka ja kunnen manya kada wanda ya faɗi sakamako. Bara wani ɗan ƙanwata mai shekara tara ya fashe da kuka a 3 da 1, muka yi gum, har Hajiya tana harararmu. Ihun da ya yi daga baya sai da maƙwabta suka leƙo.

A kashe komai daga magariba zuwa isha'i. Fim na dare ne. In ka yi sa'ar samun Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, to ba ka buƙatar wani. In ba haka ba, tsohon fim ɗin Indiya, irin wanda NTA Kano ta riƙa sakawa cikin dare. Amma ka duba tsawonsa tukuna. Yawancinsu sun kusa awa uku, ka fara ƙarfe takwas da rabi daidai, in ba so kake ka ƙarasa kallo kai kaɗai da sauro ba.

Kafin a watse ina zagayawa da takarda kowa ya faɗi abin da yake so baɗi. Baba ya riga ya saka nasa: damben Muhammad Ali da George Foreman na 1974 a Kinshasa, wai kuma a cire Brazil. Damben na amince, cire Brazil ɗin ne har yanzu muke ja.